Tsakanin biza biyu: sauya wurin koyarwa a Daular Larabawa

Tun da darajar sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi warwas a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, da wuya in zo hutu Kumasi ban haɗu da matasan malaman makaranta daga Aboabo, Asawase ko Sawaba suna tambayata hanyar fita koyarwa a ƙasar waje ba. Ni malamin lissafi ne a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Na fara aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Sharja, daga baya na koma wata a Dubai. Kusan duk mai tambaya hankalinsa yana kan fitar farko ne, wato yadda zai sami aiki da yadda za a buga masa biza, alhali wahalar da na ga ta fi cin mutanenmu tana zuwa ne bayan an riga an fita, lokacin da malami ya ga makarantar da ya fara ba ta karɓe shi ba, ko albashinta ba ya isarsa, ya yi niyyar komawa wata. A kan wannan sauyin nake so in yi magana, domin a nan ne mutum yake iya rasa aikin da ke hannunsa da wanda aka yi masa alkawari a lokaci guda.

Tushen maganar shi ne izinin aikinka da izinin zamanka duka a ɗaure suke da sunan makarantar da ta ɗauke ka. Ita ce ta nema maka su, ita ce ta biya kuɗinsu, kuma ita ce za ta nemi a soke su ranar da kuka rabu. Saboda haka abin da muke kira sauya biza ayyuka biyu ne daban a ofis: tsohuwar makaranta ta soke nata, sabuwar makaranta ta nemi sabo daga farko. Tsakanin sokewa da fitowar sabon izini akwai wasu makonni da malami ba ya ƙarƙashin kowa, ba shi da albashi, sau da yawa inshorar lafiyarsa ma ta tsaya, kuma kwanakin da hukuma ta ba shi na zama a ƙasar suna ta raguwa. Duk dabarar sauya aiki ita ce a taƙaita waɗannan makonni, kuma kada a shige su sai da takarda a hannu.

Gaskiya ne dokoki sun yi sauƙi a kan yadda suke a da. A shekarun baya ma'aikaci a ƙasashen yankin Gulf ba ya iya barin uban gidansa sai da takardar amincewarsa, in ya ƙi bayarwa kuwa sai dai a tattara kaya a dawo gida. Katar ta soke wannan sharaɗi a 2020. Saudiyya ta fara nata gyaran a watan Maris na 2021, inda ma'aikacin kamfani yake iya komawa wani wuri bayan ya cika shekara ɗaya ba tare da neman yardar mai aikinsa ba. Daular Larabawa kuma ta kafa sabuwar dokar ƙwadago, mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Fabrairu, 2022, kuma ita ce take tafiyar da mafi yawan makarantu masu zaman kansu. Amma sauƙin da doka ta kawo yana amfanar wanda ya san ta ne, kuma yawancinmu abin da muka sani game da ita daga bakin dillali muka ji shi.

Mu mutanen Zango ba baƙin dillanci ba ne. Kawuna, wanda ya tashi a cikin cinikin shanu da goro a nan Kumasi, yakan ba mu labarin yadda falke yake sauka gidan maigidansa, a ba shi masauki da abinci, dillalin gidan ya nemo masa mai saye, in an sayar bashi kuma maigida ne yake tsayawa har kuɗi su fito. La'adar da dillali yake karɓa halal ɗinsa ce, domin shi da gidansa da mutuncinsa suna nan cikin gari, in ya ci amana gobe ba falken da zai sauka wurinsa. Da wannan tunanin muke tunkarar dillalan aikin koyarwa na yau, mu ɗauka wanda ya haɗa mu da makaranta zai tsaya mana in abu ya ɓaci. Dillalin yau kuwa sau da yawa lambar WhatsApp ce kawai da hoton ofis. Ko da kamfaninsa na gaskiya ne mai rajista, makaranta ce take biyansa, kuma la'adarsa tana fitowa ne idan ka fara aiki. Don haka abin da yake so shi ne ka ajiye tsohon aikinka da wuri, ka shiga sabon da wuri. Haƙƙoƙinka na ƙarshen aiki, da bizar iyalinka, da inda za ka kwana a tsakani, ba sa cikin lissafinsa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba, iyakar aikin da aka biya shi ya yi ke nan.

Wanda ya kamata a guje wa gaba ɗaya shi ne ejan ɗin da yake neman kuɗi daga hannun malami. Dokar Daular Larabawa ta hana mai ɗaukar aiki ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa, kai tsaye ko ta bayan fage, kuma ta hana a riƙe masa fasfo ko sauran takardunsa. A nan gida, Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta wajabta wa kamfanin samar da aiki mai zaman kansa ya mallaki lasisi, don haka ba rashin ladabi ba ne ka nemi a nuna maka shi. Mun ga abin da ya faru da 'yan matanmu da aka riƙa kwasa zuwa aikin gida a ƙasashen Larabawa, har gwamnati ta dakatar da wannan fita a 2017. Malami mai digiri yana ganin ya fi ƙarfin irin wannan tarko, amma nasa tarkon yana nan: a ce ya shigo da bizar ziyara ya fara koyarwa, za a gyara masa takardu daga baya. Yin aiki da bizar ziyara laifi ne, kuma tun gyaran da aka yi wa dokar a 2024 tarar wanda ya sa mutum aiki ba izini tana kamawa daga dirhami 100,000 zuwa miliyan ɗaya. Makarantar da ta yarda ta ɗauki wannan kasada a kanta, ba na tsammanin za ta damu da naka haƙƙin.

Lokacin da na yi niyyar barin Sharja, wanda ya haɗa ni da sabuwar makaranta wani ɗan'uwanmu ne ɗan Zango, dattijo, da yake aiki da wani kamfanin dillanci. Bayan na yi ganawa da shugabar makarantar ta bidiyo, na kuma koyar da darasin gwaji, sai ya kira ni ya ce an ɗauke ni, in kai takardar ajiye aiki washegari domin kada wani ya riga ni. Na ce masa ina jiran takardar tayin aiki. Ya ce, "Haba Malam, ai ni da kai ba ma haka, maganata ta isa." Na ce, "Alhaji, ban ƙi maganarka ba, kuma Allah ya saka da alheri, amma ba kai za ka riƙa biyana albashi ba. Su da za su biya, su rubuta su sa hannu." Ransa bai so ba, ni ma na ji nauyin faɗar haka ga wanda ya girme ni, kuma wannan nauyin shi ne abin da nake tsoron wa ƙannenmu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa neman takarda daga babba tamkar ƙaryata shi ne. Sai dai takardar ba tsakaninka da shi take ba, tsakaninka da makaranta ce, kuma ma'aikatar ƙwadago ba ta sauraron abin da aka faɗa a waya.

Na san abin da rashin takardar yake jawowa domin na gani a kan wata malamar kimiyya 'yar unguwar Nima ta Accra da muka yi aiki tare. Dillali ya tabbatar mata da baki cewa wata makaranta ta ɗauke ta, ta ajiye aikinta, aka soke mata biza a ƙarshen zango. Ana saura 'yan makonni a koma karatu sai sabuwar makarantar ta ce ɗaliban da ta yi tsammani ba su yi rajista ba, ta rage ajujuwa, ba ta bukatar ƙarin malami. Ba ta da wata takarda da za ta kai ƙara da ita, dillalin ya daina ɗaukar wayarta, tsohuwar makaranta kuma ta riga ta cike gurbinta. Ta dawo Accra da kuɗin da ta tara, ta cinye mafi yawansu kafin ta sake samun wani wuri. Malama ce ta ƙwarai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Takardar tayin da nake magana a kanta ba wasiƙar taya murna da makaranta take aikowa ta imel ba ce kaɗai. Akwai ta hukuma, wadda take bisa tsarin ma'aikatar ƙwadago da aka fi sani da MOHRE, kuma abin da aka rubuta a cikinta shi ne ya kamata ya fito a kwantiragin da za a yi wa rajista. A nan ne nake so malami ya zauna da alƙalami ya yi lissafi, domin albashi kashi biyu ake rubuta shi, akwai ainihin albashi, akwai alawus na gida da sufuri, kuma garatutin ƙarshen aiki a kan ainihin albashi kaɗai ake lissafa shi. Doka ta ce wanda ya cika shekara ɗaya yana da albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, bayan haka kwana 30 a kan kowace shekara. Mu ɗauka, a misali, makarantu biyu kowacce ta ce za ta biya dirhami 9,000 a wata. Ta farko ta rubuta 6,000 a matsayin ainihin albashi, ta biyu ta rubuta 3,000, sauran ta kira shi alawus. Bayan shekara uku garatutin malamin farko zai kai 12,600, na biyu kuwa 6,300, alhali aji ɗaya suka shiga, alli ɗaya suka sha. Dillali jimilla yake faɗa maka, rabon kuwa sai ka tambaya. Haka nan a duba ko akwai tikitin zuwa gida duk shekara, da rangwamen kuɗin makarantar yara, da yawan darussa a mako. Ni kaina akwai abin da na sani zan rasa kuma na auna shi kafin in sa hannu: tun Janairun 2022 makarantun Sharja kwana huɗu suke yi a mako, Juma'a gaba ɗayanta hutu ce, a Dubai kuwa ana shiga aji da safiyar Juma'a, a tashi kafin salla. Ga wanda ya saba tafiya masallaci a natse, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan takarda ta zo hannu sai maganar notis, wato sanarwar da ake ba makaranta kafin a bar aiki. Doka ta sa shi tsakanin kwana 30 da kwana 90, gwargwadon abin da kwantiragi ya ce, kuma makarantu da yawa mafi tsawon suke zaɓa domin kada aji ya zauna ba malami a tsakiyar zango. Wanda bai cika notis ba, shi zai biya albashin kwanakin da suka rage. Yawancin makarantu suna buɗe shekara a ƙarshen Agusta, masu bin manhajar Indiya kuma a Afrilu, don haka wanda zai tashi daga wannan tsari zuwa wancan sai ya lura da watannin da za su faɗa a tsakani. A kuma karanta da kyau abin da kwantiragi ya ce game da albashin dogon hutu, domin ranar da aka rubuta a matsayin ranar barin aiki tana iya sa a biya ka Yuli da Agusta ko a hana ka. Wanda yake cikin lokacin gwaji, wanda ba ya wuce wata shida, shi ma yana iya komawa wata makaranta a cikin ƙasar, amma sai ya ba da notis na wata ɗaya a rubuce, kuma sabuwar makaranta ce za ta mayar wa tsohuwar kuɗin da ta kashe wajen ɗauko shi, in ba an yi wata yarjejeniya daban ba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a yi fushi a daina zuwa. Wanda ya ɓace fiye da kwana bakwai a jere ba dalili, makaranta tana iya kai rahotonsa, kuma hakan yana iya hana shi izinin aiki na shekara guda.

Takardun karatu su ne suka fi cin lokaci, kuma su ne muka fi rainawa. Digirin da aka samu a Winneba ko Cape Coast ko a nan Kumasi ba ya aiki a can sai ya bi ta hannun lauya mai hatimin shaida, ya je sashen shari'a a Accra, ya wuce Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Daular Larabawa, a can kuma ma'aikatar harkokin wajensu ta ƙara nata hatimin. Wanda ya yi wannan tun fitarsa ta farko, ya adana asalin takardun a hannunsa, ya huta. Wanda ya bar su a ofishin makaranta kuwa, ranar rabuwa zai ga yadda roƙon abin da yake nasa yake da ɗaci. Ban da wannan, masarautun Sharja, Dubai da Abu Dabi kowacce tana da tata hukumar da take amincewa da malamin makaranta mai zaman kanta: SPEA a Sharja, KHDA a Dubai, ADEK a Abu Dabi. Amincewar wannan ba ta wadatar da waccan, saboda haka ƙetare iyakar Sharja zuwa Dubai, tafiyar da ba ta kai daga kasuwar Kejetia ta Kumasi zuwa garin Konongo ba, sai da ta sa na sake miƙa takarduna daga farko. Za a nemi shaidar shekarun da ka koyar, kuma tsohuwar makaranta ce take bayarwa, don haka na nemi tawa tun ina cikin kwanakin notis, lokacin da har yanzu ina haɗuwa da shugaban makaranta a farfajiya kowace safiya.

Ranar soke biza za a miƙo maka takarda ka sa hannu, kuma a cikinta akwai shaidar cewa ka karɓi dukan haƙƙoƙinka. Kada a sa wannan hannu sai an ga kuɗin a asusu, ko aƙalla an sami lissafinsu a rubuce da ranar biya. Doka ta ba makaranta kwana 14 daga ƙarshen kwantiragi ta biya albashin ƙarshe da garatuti da kuɗin hutun da ba a ci ba. In ta ƙi, ana kai kuka ma'aikatar ƙwadago, wadda tun farkon 2024 take da ikon yanke hukunci da kanta a kan da'awar da ba ta wuce dirhami 50,000 ba. Matsin da ake shiga a nan shi ne sabuwar makaranta tana jiran shaidar sokewa kafin ta kammala naka izinin, dillali yana ta kira, kai kuma kana tsoron kada jinkiri ya sa a fasa. Wasu makarantu sun san wannan matsi, shi ya sa suke jan ƙafa. Abin da ya taimake ni shi ne na sanar da sabuwar makaranta ranar da notis ɗina zai ƙare tun farko, na kuma nemi lissafin haƙƙoƙina daga ofishin kuɗi tun da sauran lokaci, ta yadda gardamar da aka yi a kan kwanakin hutu ta ƙare kafin ranar sa hannu.

Bayan sokewa hukuma tana ba da wa'adin zama, daga wata ɗaya har zuwa wata shida gwargwadon rukunin da aka sa mutum, kuma ya kamata kowa ya duba nasa a takardar sokewar maimakon ya dogara da na abokinsa. Wanda ya wuce wa'adi tarar dirhami 50 ce a kowace rana. A cikin wannan lokaci za a sake gwajin jini da hoton ƙirji, a sabunta katin shaida, sannan izinin zama ya fito. Mai iyali nauyinsa ya fi yawa, domin bizar matarsa da ta 'ya'yansa a ƙarƙashin tasa suke, ba a soke tasa sai an soke nasu ko an nemi a jingine su na ɗan lokaci, kuma sabon albashinsa sai ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da gida, kafin a bar shi ya sake ɗaukar nauyinsu. Idan gidan makaranta yake zaune, barin aiki barin gida ne. Idan kuma akwai bashin banki a kansa, bankin yana iya riƙe kuɗin ƙarshen aiki har sai ya ga shaidar sabon aiki. Shi ya sa nake ce wa duk mai niyyar sauyi ya fara tara abin da zai riƙe shi wata biyu ko uku ba albashi, ya kuma gaya wa iyaye da 'yan'uwa a gida tun da wuri cewa aiken da aka saba zai tsaya na ɗan lokaci. Wannan magana tana da nauyin faɗa ga uwa ko uba, amma na ga malamai suna cin bashi mai ruwa a ƙasar mutane don kawai kada a ji a gida cewa wata ya zo ba saƙo.

Akwai kuma ɓangaren gida wanda masu fita suke mantawa da shi. Wanda yake koyarwa a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, ko a makarantun sashen ilimin Musulunci ne, ya kamata ya fita ta ƙofa, ya rubuta takardar ajiye aiki ko ta neman hutu, ya karɓi amsa. Lasisin koyarwa na majalisar malamai ta ƙasa, NTC, wadda ta fara jarrabawarsa a 2018, shi ma a kula da shi ko ana waje. A watan Fabrairu na 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Ghana masu koyar da lissafi, kimiyya da harsuna hanyar neman shaidar ƙwarewar koyarwa ta ƙasarta, kuma cikin abubuwan da ta nema akwai wasiƙar NTC da ke nuna mutum malami ne mai kyakkyawan matsayi, da shaidar aƙalla shekara ɗaya ta koyarwa, wadda ake tuntuɓar makarantar da ya yi aiki a tabbatar. Malamai da dama da muke tare a Dubai Ingila suka sa gaba yanzu, kuma waɗanda suka fi shan wahala a cikinsu su ne waɗanda sai sun koma neman sa hannun wani shugaban makaranta a Kumasi ko a Sharja da suka bar masa aji ba sallama.